An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Ga Mai Ɗora Wa Kunyar Ɗan Fari Laifi

A fitowar da ta gabata ta wannan mujalla, wani malami daga cikin marubutanmu ya yi dogon sharhi kan tarbiyyar Bahaushe, inda ya ɗauko ma'aunin Sigmund Freud ya auna mu da shi. Abin da ya tsaya a kai shi ne, wai kunyar ɗan fari da yaye da riƙo su ne tushen rabin matsalolinmu. A ganinsa, uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ranar yaye kuma a ɗauke shi a kai wa kaka, ta riga ta yi masa rauni a can cikin ɓoyayyen sashen zuciya, raunin da ba ya warkewa. Daga nan ne, in ji shi, muka samu magidantan da ba su iya sakin fuska ga iyali, da yawan mutuwar aure, da talakan da ke bin babban mutum ido rufe domin yana neman uban da ya rasa tun yana goye. Ya rufe da kira a yi watsi da waɗannan al'adu gaba ɗaya.

Malam ya yi karatu, kuma gyara yake nufi. Sai dai hujjar da ya kafa ba ta tsayu ba, kuma hanyar da ya bi tsohuwar hanya ce wadda wasu suka bi kafin shi suka dawo hannu rabbana.

Abu na farko ma ba ya buƙatar littafi. Kunyar da Malam yake magana a kai, ɗan fari ake yi wa ita. Na biyu da na uku ana kiran sunansu, auta kuwa kowa ya san irin gatan da yake sha. A gidan da aka haifi bakwai, mutum ɗaya ne abin ya shafa. To ta yaya aka yi ciwon mutum ɗaya ya zama halin al'umma? In da maganar Malam gaskiya ce, da sai a ga 'ya'yan fari sun fi ƙannensu sakin mata, sun fi su ɗaure fuska, sun fi su bin 'yan siyasa. Wannan abu ne da za a iya ƙirgawa a kotunan Kano ko Zariya ko Damagaram. Malam bai kawo mana ko da lissafi ɗaya ba. Ya kawo Freud, ya ce mu yarda.

To bari mu duba inda Freud ɗin ya samo tasa maganar. An haife shi a 1856 a wani ƙaramin gari da ke cikin ƙasar Cek a yau, ya yi kusan dukkan rayuwarsa a birnin Biyana na Ostiriya. Shahararriyar ka'idarsa, wadda ya raɗa wa sunan Oedipus na tatsuniyar Girkawa, cewa take yi kowane ɗa namiji tsakanin shekara 3 zuwa 5 yana son ya mallaki uwarsa shi kaɗai, yana kallon ubansa a matsayin kishiya. A kan wa ya fara gano haka? A kan kansa. Mahaifinsa ya rasu a 1896, ya shiga bincikar mafarkansa, sai a Oktoban 1897 ya rubuta wa abokinsa Wilhelm Fliess cewa ya tarar da wannan hali a zuciyarsa, kuma yana ganin haka kowane yaro yake a duniya. Daga mutum ɗaya aka tsallaka zuwa dukkan 'yan Adam a cikin wasiƙa guda.

Gidan da Freud ya tashi ma ya fi kama da namu fiye da yadda Malam yake zato. Mahaifinsa ya girme wa mahaifiyarsa da shekara 20. Yana da yayye biyu 'yan uba waɗanda sa'annin mahaifiyar tasa ne. Ɗan babban wansa ya girme shi, ma'ana shi baffa ne ga wanda ya riga shi zuwa duniya. Akwai kuma wata tsohuwa mai reno da ta riƙe shi a shekarunsa na farko. Sannan shi ne ɗan farin uwarsa, kuma ba ta taɓa yi masa alkunya ba. A fili take fifita shi kan ƙannensa. Wato wanda ya ga wannan ciwo a jikinsa ɗan fari ne da aka shagwaɓa, mu kuma Malam yana ce mana rashin shagwaɓar ne ya jawo mana ciwo. Idan nuna so yana haifar da rauni, ɓoye shi ma yana haifarwa, to wane irin gida ne zai kuɓuta? Wannan shi ne kukan da masanin falsafa Karl Popper ya yi da mazhabar Freud: duk abin da ya faru tana da fassararsa, don haka babu abin da zai faru ya ƙaryata ta.

Yaron da aka fi kafa hujja da shi a wannan babi shi ne wanda Freud ya kira Ƙaramin Hans, a rahoton da ya fitar a 1909. Yaro ne ɗan shekara 5 da ke tsoron dawaki har ba ya son fita titi. Freud ya ce dokin uba ne, tsoron cizo kuma tsoron hukuncin uban ne. Amma sau ɗaya tak ya ga yaron a lokacin jinyar. Mahaifin yaron, wanda almajirin Freud ne da ke zuwa majalisinsa, shi ne yake yi masa tambayoyi yana aika wa maigidansa rahoto. Yaron kuwa da bakinsa ya faɗa cewa tsoron ya fara ne ranar da ya ga wani doki mai jan keken fasinja ya faɗi a titi yana shure-shure. A 1960 Joseph Wolpe da Stanley Rachman suka sake bin rahoton layi-layi, suka nuna yadda uban yake cusa wa ɗansa amsa a baki.

Da aka fita da ka'idar daga Turai, sai ta fara tuntuɓe. Bronislaw Malinowski ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, inda gado ke bin dangin uwa kuma kawu ne mai iko da yaro. Ya ce a can uba abokin wasa ne, kawu ake jin haushi. Mabiya Freud sun mayar masa da martani, kuma a 1982 Melford Spiro ya sake duba bayanan ya ce Malinowski bai yi daidai ba. Muhawarar ba ta mutu ba har yau. A Dakar kuma, Marie-Cécile da Edmond Ortigues, waɗanda su kansu 'yan mazhabar ne, sun yi aiki a asibitin Fann a farkon shekarun 1960. Abin da suka ruwaito a littafinsu na 1966 shi ne, a gidajen Wolof da Serer da Lebu uba ya haɗe da kakannin da suka shuɗe har ba a iya ja da shi, sai gasar ta koma tsakanin 'yan'uwa da tsararraki. Duk wanda ya san 'yan ubanci a gidan mata da yawa zai fi gane wannan fiye da labarin Biyana. Su da suka je suka saurari marasa lafiya shekara da shekaru sai da suka lanƙwasa ka'idar. Malam bai lanƙwasa komai ba.

Abin da ya fi damuna a sharhin shi ne zuriyar da ya fito daga cikinta, ko ya sani ko bai sani ba. Yi wa al'umma guda hukunci daga yadda take shayar da jarirai tsohuwar sana'a ce. A 1943 wani shugaban makaranta Bature a Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau, mai suna J. F. Ritchie, ya rubuta cewa ɗan Afirka yana shan nono ba ƙa'ida, sai kwatsam a yaye shi, shi ya sa in ya girma ba ya iya tsayawa da ƙafarsa ko ya yi tunani mai zurfi. Kusan kalma da kalma abin da Malam ya faɗa ke nan a kan yaye. J. C. Carothers, likitan asibitin mahaukata na Mathari a Nairobi, ya bi irin wannan layi a rahoton da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1953, shi ne kuma wanda ya taɓa kwatanta tunanin baƙar fata da na Baturen da aka yi wa tiyata a goshin ƙwaƙwalwa. Shekara guda bayan haka gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko shi ya fassara mata tawayen Mau Mau, ya ce rikicewar tunani ce, alhali mutane ƙasarsu aka ƙwace. Ba baƙar fata kaɗai aka yi wa ba. Geoffrey Gorer ya ce halin Japanawa ya samo asali ne daga tsananin koya wa yara zuwa bayan gida, halin Rashawa kuma daga naɗe jarirai tamau a cikin zane. Yau babu masanin kirki da ke kafa hujja da waɗannan.

Sai Octave Mannoni, Bafaranshen da ya zauna a Madagaska. A 1947 mutanen tsibirin suka yi bore, Faransa ta murƙushe su, dubun-dubata suka mutu. A 1950 Mannoni ya fitar da littafi yana cewa mutanen suna da ɗabi'ar dogaro da uba tun daga tarbiyya, shi ya sa suka karɓi Bature, kuma boren fushin yaron da ya ji an yasar da shi ne. Ya kawo mafarkan yara da suke ganin baƙin sa ko soja da bindiga yana bin su, ya fassara su da salon Freud. Frantz Fanon, wanda shi ma likitan ƙwaƙwalwa ne, ya amsa masa a 1952 cewa bindigar da ke cikin mafarkin nan bindiga ce ta gaske, a hannun sojojin Sanagal da Faransa ta kawo, kuma yaran sun gan ta da idonsu. Ina roƙon Malam ya riƙe wannan amsa. Idan talakan Arewa yana tsugunne a ƙofar babban mutum, kafin a tono ranar yayensa a fara duba ko akwai taki a gonarsa, ko akwai magani a asibitin garinsu. Idan aure yana mutuwa, akwai auren dole, da auren da aka ɗaura ba sana'a, da sauƙin furta saki, da tsadar abinci. Waɗannan duk a fili suke, ba sai an haƙa ba.

Yanzu ga abin da ya kamata a ce Malam ya fara da shi: an taɓa zuwa ƙasar Hausa an duba wannan magana da ido. A ƙarshen shekarun 1960 Robert LeVine da matarsa Sarah sun yi bincike kan renon yara a arewacin Nijeriya. Shi masanin al'adu ne da ya samu horo a cibiyar mazhabar Freud ta Chikago, ita kuma ta koyi jinyar yara masu damuwa. Sun ba da labari a littafinsu na 2016 cewa da Sarah ta ga matasan iyaye mata suna kawar da kai daga jariransu, ba sa haɗa ido da su, ba sa yi musu gwaranci, hankalinta ya tashi, domin abin da aka koya mata shi ne irin wannan uwa tana lalata ɗanta. Sai ga yaran lafiya lau, masu fara'a da son mutane. Dalilin kuwa kowace Bahaushiya ta san shi. Jaririn da uwarsa ke kawar da kai a tsakar gida yana hannun kaka, daga nan goggo ta karɓa, kishiyar uwa ta goya, 'yan mata su yi ta yi masa rawa. Ɗan fari ai shi ne ɗan lelen kakanni, shi ne mijin kaka ko kishiyarta a wasa.

Wani rahoto da ya fito daga aikin nasu a 1977, wanda Robert Marvin ya jagoranta, ya bi jarirai Hausawa 18. An tarar kowannensu yana da masu kula da shi wajen huɗu, kuma ya shaƙu da uku ko huɗu, amma akwai mutum ɗaya da ya fi gudu wurinsa in ya tsorata, wato wanda ya fi ɗaukarsa da yi masa wasa. Ciyarwa da wanka kuwa kusan duk a hannun uwa suke. Jarirai 18 ba su da yawa, kuma ba zan ce sun rufe magana ba. Amma sun fi yaro ɗaya mai tsoron doki, kuma namu ne.

Akwai kuma abin da baƙo ba ya gani, wanda bai kamata ya ɓace wa ɗan gida ba. Alkunya a gaban surukai da manya ake yin ta. Uwar da ba ta kiran sunan nan ita ce take goye da shi yini guda, fatarsa a kan fatarta, ita ke ba shi nono duk sa'ar da ya motsa, a ƙirjinta yake kwana. In zazzaɓi ya kama shi cikin dare, a ga ko kunya za ta hana ta buga ƙofar maigida. Jariri bai san ana kiran suna ko ba a kira ba. Abin da ya sani shi ne in ya yi kuka ana zuwa.

Ɗora wa uwa laifi da sunan ilimi yana da mummunan tarihi, kuma ya kamata mai alƙalami ya ji tsoronsa. A Amurka, shekaru da dama ana gaya wa iyayen yara masu otizim, wato yaran da ke da wahalar magana da cuɗanya, cewa sanyin zuciyar uwa ne ya jawo. Bruno Bettelheim na Chikago ya yaɗa wannan a littafinsa na 1967, aka raba yara da iyayensu, mata suka rayu da baƙin cikin laifin da ba su yi ba. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka bincika tagwaye 21 a Ingila suka nuna gado yana da babban hannu a cutar. Yanzu a ce wata baiwar Allah a Gusau ko Maraɗi mai irin wannan yaro ta karanta sharhin Malam. Dama dangin miji suna cewa aljanunta ne. Ga shi an ƙara musu da cewa kunyarta ce, kuma wai boko ne ya faɗa.

Ba cewa nake komai na renonmu daidai ne ba. Yayen da ake shafa wa nono ɗaci, a ɗauke yaro rana ɗaya a kai shi garin da bai san kowa ba, wahala ce da za a iya sauƙaƙawa. In kakar da ya saba da ita ce a gida ɗaya ko unguwa ɗaya, lamarin daban ne. Akwai riƙon da yake gata, akwai wanda bauta ce da talla. Uban da yake ganin ɗaukar ɗansa zubar da girma ne, shi ma yana da gyara, kuma ba ma buƙatar zuwa Biyana neman hujja: hadisi ya tabbata cewa da Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yaba masa ba, ya danganta abin da rashin jinƙai.

Kuma a cikin jikokin mazhabar Freud akwai waɗanda suka kawo hujja mai ƙarfi, sai dai hujjar tasu tana nuna wani wuri ne daban da inda Malam ya nuna. René Spitz a 1945 ya ga jarirai a gidan marayu suna ƙanjamewa har suna mutuwa duk da ana ba su abinci, saboda ma'aikaciya ɗaya ce kan jarirai da yawa, ba mai ɗauka. John Bowlby, wanda 'yan'uwansa na mazhabar suka juya wa baya don ya ce a dubi abin da ya faru da yaro a zahiri a bar hasashen mafarki, shi ya kafa nazarin shaƙuwa. Abokin aikinsa James Robertson ya ɗauki fim a 1952 na wata yarinya 'yar shekara 2 da aka kwantar a asibiti ba uwa, kuma wannan yana cikin abin da ya sa asibitocin Ingila suka buɗe wa iyaye ƙofa. A Romaniya bayan faɗuwar shugaban ƙasar, Ceausescu, an bi yara 136 na gidajen marayun Bukares. Waɗanda aka mayar hannun iyalai, musamman kafin su cika shekara 2, sun fi waɗanda aka bari ci gaban hankali da shaƙuwa. Duk waɗannan abu ɗaya suke faɗa: yaron da ke lalacewa shi ne wanda ba shi da kowa. Ɗan farin da ke yawo daga bayan goggo zuwa cinyar kaka ba ya cikin wannan sahu. Wanda ke ciki shi ne yaro ɗan shekara 5 ko 6 da aka sauke a tasha da allo da roba, malami ɗaya kan yara fiye da yadda zai iya sanin sunayensu. Akwai marayun sansanonin gudun hijira a Borno, da yaran da aka kashe iyayensu a gabansu a ƙauyukan Zamfara da Katsina. A dogon sharhin Malam babu layi ɗaya a kansu.

Abin da ya rage mai amfani a gadon Freud, a ganina, shi ne zama da mutum ɗaya a saurare shi har ya faɗi abin da bai san yana ɗauke da shi ba. Selma Fraiberg a Michigan ta yi haka a shekarun 1970: takan je gidan uwar da ta kasa kula da jaririnta, ta zauna da ita a inda take girki, har a gano cewa ita ma ba a taɓa jin kukanta ba tana ƙarama, kuma da aka saurare ta sai ta fara jin na ɗanta. Muna da irin waɗannan mata. Akwai mai jegon da ciwon damuwa ya kama bayan haihuwa, ba ta barci, ba ta jin komai game da jaririn, tana kuka a ɓoye, gida kuwa ana yabon ta da kawaici. A nan kunya takan zama labule, kuma aikin ungozoma da ma'aikaciyar asibiti da uwar ɗaki shi ne su iya rarrabe mai alkunya da mara lafiya. Wanda ya ce duk masu kunya marasa lafiya ne ya ƙara ɓatar da wannan mata a cikin taro.

Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna yadda ake aron ilimin waje ba tare da raina gida ba. A 1954 a Aro kusa da Abekuta, ya sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyawa tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Dangin da su Carothers suke gani a matsayin tushen ciwo, shi ya mai da su rabin magani. Yau Nijeriya tana da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 a madadin ta 1958, amma likitocin fannin ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200. A irin wannan hali, kakar nan da goggon nan da Malam yake so a sallama su ne asibitin da yawancin yaranmu za su taɓa gani.

Don haka, Malam, in kana nan a kan bakanka, ga hanya: a je kotuna da asibitocin Dawanau da Barnawa da Kware, a ƙirga 'ya'yan fari a gwada da ƙannensu, ka dawo mana da abin da aka samu, ni ne farkon mai karantawa. Kafin nan, ka sakar wa matan nan mara, ka juya alƙalaminka wajen yaran da ke kwana a tasha.